Murya biyu, jita biyu, ɗaki ɗaya: yadda ake ɗaukar waƙa kai tsaye a Bauchi bisa tsarin Gillian Welch

Yawancin waƙoƙin da ke fitowa daga situdiyoyin Bauchi hanya ɗaya ake bi da su: mai kiɗa ya haɗa kiɗa a FL Studio, mawaƙi ya shiga ɗan ɗakin murya ya ɗora baiti-baiti, a ƙarshe a zuba Auto-Tune. Ga waƙar biki da ta siyasa wannan ya wadatar. Amma wanda ke rubuta waƙarsa da kansa, yake kuma kaɗa jita ko garaya ko gurmi da hannunsa, idan aka raba muryarsa da yatsunsa aka ɗauki kowanne daban, abin da ya sa waƙar ta zama tasa shi ne ke fara salwanta. Hanyar da ta dace da shi ita ce a zaunar da shi da abokin waƙarsa a ɗaki ɗaya, a kunna na'ura, su yi waƙar daga farko har ƙarshe. Kayan aikin ba su da yawa. Wahalar tana cikin shiri, domin duk abin da ba a gyara ba kafin a danna maɓallin ɗauka, ba zai gyaru a kwamfuta ba.

A zamaninmu da wuya a sami waɗanda suka riƙe wannan hanya kamar Gillian Welch da abokin aikinta David Rawlings, 'yan Amurka masu kiɗan kantiri, amma na ɓangaren da ya juya wa ƙyale-ƙyalen manyan kamfanonin Nashville baya ya koma ga tsohon sautin karkara. An haifi Welch a New York a 1967, ta tashi a Los Angeles, ta haɗu da Rawlings a kwalejin kiɗa ta Berklee da ke Boston, ta koma Nashville a 1992. Kundinta na farko, Revival, ya fito a 1996 a hannun furodusa T Bone Burnett, na biyu kuma, Hell Among the Yearlings, a 1998. Wanda ya fi shafar wannan bayani shi ne na uku, Time (The Revelator) na 2001. A tsohon ɗakin ɗauka na RCA Studio B suka yi mafi yawansa, inda Elvis Presley ya ɗauki waƙoƙi da dama, su biyu kacal, da muryoyinsu da jita da banjo (abin kiɗa mai tsirkiya da fuskar fata), kai tsaye zuwa tef. Waƙar ƙarshe a kundin ta haura minti 14. Wanda ya san yadda Ɗan Maraya Jos ya cika fili da kuntigi ɗaya ba zai ga baƙon abu a nan ba.

Shirin waƙa kafin a taɓa makirufo

Ku fara da zaɓen matakin da muryar jagoran waƙa ta fi zama a kai. Ku rera amshi da baitin da ya fi hawa sama, ku ɗaura kapo, wato maƙalin da ke matse tsirkiyoyi a wuyan jita, ku riƙa matsar da shi gaɓa ɗaya-ɗaya har ku sami inda mawaƙi ba ya maƙurewa a sama kuma muryarsa ba ta nutsewa a ƙasa. Ku rubuta gaɓar a takarda. Mutane kan mance washegari.

Idan jita biyu ne, kada su yi aiki iri ɗaya. A nan ne Welch da Rawlings suka fi kowa dabara. Ita tana riƙe Gibson J-50 na 1956, mai faɗin ciki da kauri a ƙasa, tana ba da taki. Shi kuma an san shi da ƙaramin Epiphone Olympic na 1935, wanda kusan ba shi da ƙasa, sautinsa siriri mai ratsawa. Saboda haka ko an ɗauke su tare kunne na bambance su. Ku da kuke da jita biyu masu kama da juna daga shago ɗaya, ku raba su da kapo: ɗaya a buɗe ko a gaɓa ta 2, ɗayan a gaɓa ta 5 ko ta 7 da wani riƙon yatsu daban, amma a mataki guda. Idan jita ne da garaya, jita ya rage bugun siraran tsirkiyoyinsa ya bar wa garaya wurin.

Sai muryoyi. Mai rakiya ya ɗauki sauti na uku sama ko ƙasa da na jagora, ya kuma rage ƙarfi kaɗan. Abin da ke tona asirin waɗanda ba su yi atisaye ba shi ne ƙarshen kalma: ɗaya ya ja wasali, ɗayan ya yanke. Hausa ta fi tsanani a nan, tunda tsawon wasali da hawa da saukar murya suna canza ma'ana, kuma karin da ya saɓa musu yakan sa mai sauraro ya ji wata kalmar daban. Ku rubuta baitocin da manyan baƙaƙe, ku ja layi ƙarƙashin kowace gaɓa mai nauyi, ku sa alama inda za ku ja numfashi tare. Ku yi ta maimaitawa kuna ɗauka da waya har sai kun iya yin waƙar sau uku a jere ba tare da duba takarda ba. In ba ku kai nan ba, ranar ɗauka ba ta zo ba. Tsakanin Soul Journey na 2003 da The Harrow & The Harvest na 2011 shekara takwas Welch ba ta fitar da kundi da sunanta ba, domin waƙoƙin da suke rubutawa ba su gamsar da su ba, alhali situdiyo nasu ne na kansu.

Jita da yanayin Bauchi

Katakon jita na son laimar iska tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari. A tsakiyar hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, laimar Bauchi da Gombe takan faɗi ƙasa da kashi 20. Alamun bushewa a bayyane suke: bakin ƙarafan wuya ya fara kartar yatsa, fuskar jita ta lotsa, tsirkiyoyi su kwanta su fara zizar da makirufo ke kamawa fiye da kunne, daga nan sai tsagewa. Maganin mai arha ne. A jiƙa soso a matse shi sosai, a sa a robar sabulu da aka huda wa ramuka, a ajiye cikin akwatin jita a rufe, a riƙa sake jiƙawa bayan kwana biyu ko uku. Kada ruwa ya taɓa katako. Jitan da ya riga ya bushe yana buƙatar mako guda ko fiye a haka kafin ya dawo daidai, don haka ba daren ɗauka ake fara wannan ba.

Da damina abin ya juya: katako ya kumbura, tsirkiyoyi su ɗaga su yi tauri, su yi tsatsa. Fatar garaya da gurmi ma takan saki, sai an ɗan shanya ta kafin ta yi amo. A canza tsirkiyoyin jita kwana ɗaya ko biyu kafin ɗauka, a ja kowace a hankali a sake saita ta har ta daina sauka. Sabbin da aka ɗaura a ranar suna ƙara kamar gwangwani kuma ba sa zama. Masu kaurin inci .012 zuwa .053 sun dace da yawancin jita. A sake saita sauti duk lokacin da aka matsar da kapo, domin matsinsa na ɗaga sautin kaɗan.

Ɗaki

Ɗakin bulo mai tayil da silin, mita 3 da 4, shi ne mafi yawan abin da ake da shi, kuma shi ne mafi munin sauti. Ku tsaya a tsakiya ku tafa sau ɗaya. Idan kun ji wata 'yar ƙara mai karkarwa ta biyo baya, sauti ne ke kai da komo tsakanin bangaye biyu masu fuskantar juna. A shimfiɗa kafet ko darduma biyu a ƙasa, a jingina katifa a bango ɗaya daga kowane biyun da ke kallon juna, a rataya bargo mai nauyi a taga da ƙofa da tazarar kamar tafin hannu daga bango, a buɗe durowar kaya idan akwai. Kwalin ƙwai da ake mannawa a wasu situdiyoyi ba ya hana ƙara shigowa, ba ya kuma shanye ƙasan sauti. Siririn soso ma saman sauti kawai yake sha, ya bar ɗakin da kumburin da ya fi na da muni. Kauri ake nema, santimita 10 ko fiye, musamman a kusurwoyi inda ƙasan sauti ke taruwa.

Kada ku kashe ɗakin gaba ɗaya. Wannan salon na son a ji iska kaɗan a kewayen kayan kiɗa. Kada ku zauna a tsakiya cif, kada kuma ku shige kusurwa. Wajen kashi ɗaya bisa uku na tsawon ɗakin ya fi. Wanda ke da damar samun tsohon ɗakin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara, irin na cikin gari, ya gwada shi tukuna. Kaurin bangon na tare ƙarar titi, rashin santsinsa kuma na warwatsa amsa-kuwwa.

Rufin kwano na da nasa halin. Yana ƙas-ƙas idan rana ta fara dukansa da kuma lokacin da yake hucewa bayan magariba, in ruwa ya sauko kuwa sai a tashi. Ku zauna shiru minti biyar a ɗakin a lokacin da kuke niyyar ɗauka, ku lissafa abin da kuka ji: Keke Napep, injin markaɗe, janareton maƙwabta, gyare da kwaɗi da damina. Gidan da ke kusa da Wunti ko kasuwar Muda Lawal sai dare ya yi nisa. A unguwannin gefen gari hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, yakan fi dare shiru, tunda da dare ne kowa ke tayar da janareto. Ku tsara zaman tsakanin salloli don kada kiran salla ya same ku a tsakiyar waƙa. Dole a kashe fanka, don haka a watannin Maris da Afrilu ku yi aiki minti goma sha biyar, ku buɗe ƙofa ku sha iska.

Kayan ɗauka da wuta

Abin da ake buƙata: kwamfutar cinya, akwatin shigar da sauti mai kafa biyu irin Focusrite Scarlett 2i2, makirufo biyu, wayoyin makirufo na XLR biyu, sanduna biyu, da abin saurare na kunne mai rufe kunne. Manhajar Reaper ko Audacity ta isa. Ƙaramar na'ura irin Zoom H5 na iya maye gurbin kwamfuta da akwatin gaba ɗaya, ga ta da batir. Makirufo mai kwandensa, irin Audio-Technica AT2020, ya fi kama laushin tsirkiya da numfashi, amma yana kama kazar maƙwabta ma. Yana buƙatar wutar 48V daga akwatin: a soka waya tukuna sannan a kunna, a kashe kafin a cire. Da damina a ajiye shi a roba mai murfi da 'yan ƙullin shanye laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi, in ba haka ba zai fara tartsatsi. Idan ɗakin na da hayaniya, Shure SM57 ko SM58 a kusa da baki ya fi rufa asiri.

Wutar Najeriya na juyawa sau 50 a daƙiƙa, kuma wannan gurnanin ne kuke ji a ƙarƙashin ɗauka idan wayoyin gida ba su da kyakkyawar hanyar ƙasa. Inbata mai arha, wadda wutarta ba ta fita sumul, tana ƙara nata zuzu mai kaifi. Hanya mafi sauƙi ita ce a cika batirin kwamfuta, a cire caja, akwatin ya sha wuta daga kwamfutar. A raba wayar makirufo da wayar wuta. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su kwanta tare. A sa wayoyin hannu a yanayin jirgi. Idan ba makawa sai da janareto, a kai shi nesa iyakar tsawon waya: a fili, duk ninka tazara na rage ƙararsa da kusan desibel 6 (desibel ma'aunin ƙarfin sauti ne).

Inda ake kafa makirufo

Da kafa biyu kawai, kowane mutum makirufo ɗaya zai samu, ya ɗauki muryarsa da jitansa tare. Ku zauna kuna fuskantar juna, tazarar kamar mita ɗaya da rabi zuwa biyu. Yawancin waɗannan makirufo suna ji ta gaba, kurame ne ta baya, don haka bayan na kowa ya kalli abokinsa. A kafa shi santimita 35 zuwa 45 daga mutum, a tsayin da ke tsakanin haɓa da kafaɗar jita. Daidaita murya da jita da sanda ake yi, ba da linzamin kwamfuta ba: jita ya danne murya, a ɗaga makirufo santimita biyar, murya ta yi yawa, a sauke. A ɗauki rabin minti, a saurara, a gyara, a sake. Wannan kaɗai zai iya cin awa guda, kuma ita ce awar da ta fi kowace amfani a ranar.

Kada makirufo ya kalli ramin jita kai tsaye, nan ne iska ke fita da kumburi. Inda wuya ya haɗu da ciki, wajen gaɓa ta 12 zuwa 14, shi ne wurin da sautin ya fi daidaito. Ga mawaƙi ɗaya mai makirufo biyu, na jita ya tsaya a nan da tazarar santimita 20 zuwa 30 yana ɗan kallon ƙasa, na murya kuma santimita 15 zuwa 20 daga baki yana ɗan kallon sama, da ragar tare iska a gabansa saboda haruffa irin b da f.

Matsalar da ke biyo bayan makirufo biyu ita ce sauti ɗaya ya isa gare su a lokuta mabambanta, sai wani sashensa ya kashe wani. Alamarta: kowane layi shi kaɗai yana da daɗi, an haɗa su sai murya ta zama siririya kamar daga cikin bututu. Ƙa'idar da ake bi ita ce tazarar da ke tsakanin makirufo biyu ta ninka tazarar kowanne daga mai shi sau uku ko fiye. Bayan gwaji a tattara layukan biyu a tsakiya a saurara, a danna maɓallin juya fuskar sauti a ɗaya daga ciki, a bar shi a inda ƙasan ya fi cika. Wannan gwajin wajibi ne, domin mafi yawan masu sauraronku da lasifikar waya guda ɗaya za su ji ku.

A saita manhaja a 24-bit da 48 kHz. Mawaƙi ya rera wurin da ya fi ƙarfi, a murɗa ƙarfin shiga har allura ta tsaya wajen desibel -10, matsakaicinta kuma wajen -18. Mutum kan ƙara ƙarfi idan waƙa ta kama shi da gaske, wannan sararin na ranar ne. Sautin da ya kai sifili ya fashe, ba ya ɗinkuwa.

Ɗaukar kanta

Ku cire abin kunne, ku ji juna da kunnuwanku. Ba a sa ƙararrawar taki a wannan salon, waƙar takan ɗan yi sauri a amshi ta lafa a baiti, kuma ana son hakan. Illar ita ce haɗa rabin wannan ɗauka da rabin waccan na wahala idan saurinsu ya bambanta, don haka kafin kowace ɗauka ku saurari takin daga waya na daƙiƙa goma, ku kashe, ku fara. Mai kula da na'ura ya faɗi sunan waƙa da lambar ɗauka da baki. A cire agogo, zobe da awarwaro, a kauce wa shadda mai sitaci saboda ƙarar gogayya, a gwada kujera ko tana kuka. Mai buga ƙafa ya cire takalmi ya taka darduma.

In an yi kuskure kada a tsaya, a kai ƙarshe. Bayan bugun ƙarshe kowa ya daskare daƙiƙa biyar har tsirkiya ta mutu da kanta. Yawancin ɗauka masu kyau a nan ake lalata su da dariya ko gyaran murya. Sau huɗu zuwa shida ya isa ga waƙa ɗaya a zama ɗaya, bayan haka murya na gajiya kuma rai na fita daga waƙar. A ɗauki rabin minti na shirun ɗakin don cike giɓi wajen gyara. Kada a zaɓi ɗauka a daren, a bari sai gobe. Wadda ke da ɗan karcen yatsa amma labarin ya fito ta fi wadda ba kuskure amma ba ta motsa kowa. All the Good Times, wanda Welch da Rawlings suka ɗauka a gida da na'urar tef a 2020, shi ya ci kyautar Grammy ta kundin waƙoƙin gargajiya a 2021.

Gyaran bayan ɗauka kaɗan ne. A yanke abin da ke ƙasa da 70 Hz (Hz ma'aunin kauri ko sirancin sauti ne), tunda tsirkiya mafi kauri a jita wajen 82 take. In akwai kumburi a rage desibel biyu ko uku tsakanin 200 da 300 Hz. Matse sauti, wato rage tazarar da ke tsakanin wuri mai ƙarfi da mai laushi, kada ya wuce 2:1 ko 3:1, yana cin desibel biyu zuwa uku. A karkatar da mutum ɗaya hagu kaɗan, ɗayan dama kaɗan. Kada a sa Auto-Tune: kowace murya ta shiga makirufon ɗayan, in an gyara ɗaya za a ji tsohuwar tana bin ta a baya. Spotify na daidaita ƙarfin waƙoƙi a wajen -14 LUFS (ma'aunin matsakaicin ƙarfin waƙa), saboda haka babu ribar matse waƙar jita don ta yi ƙarar waƙar gala. A bar ƙololuwarta a desibel -1.

Masta da haƙƙin mallaka

Da kamfanin Almo Sounds da ya fitar da kundayenta biyu na farko ya koma hannun Universal, Welch da Rawlings sun kafa nasu, Acony Records, a 2001, suka kuma sayi situdiyon Woodland a gabashin Nashville. A daren 3 ga Maris 2020 guguwa ta yaye rufin ginin, suka kwashe tef-tef da kayan kiɗa cikin ruwan sama. A shekarar suka fitar da Boots No. 2, waƙoƙi 48 da aka ɗauka a ƙarshen mako guda a 2002 don cika sharaɗin wata yarjejeniya, suka zauna a ajiye shekara 18. Kundin da suka sa wa sunan situdiyon, Woodland, ya fito a 2024 ya kuma ci Grammy a 2025. Ba su iya fitar da tsoffin ɗaukan ba sai don suna hannunsu.

Ku fita daga situdiyo da ɗanyen layukan WAV na kowace ɗauka, ba MP3 da aka turo ta WhatsApp ba. Layi biyu a 24-bit da 48 kHz suna cin kusan megabait 17 a minti, filashi mai gigabait 32 zai ɗauki kundi da duk gwaje-gwajensa. A yi kwafi uku: a kwamfuta, a filashi ko hard disk da ke wani gida daban, da kuma Google Drive. Sunan kowane fayil ya ƙunshi sunan waƙa, kwanan wata da lambar ɗauka.

Kafin a kunna na'ura a rubuta takarda: wa ya rubuta baiti, wa ya yi kari, kason kowa, kuma mai situdiyo kuɗin aikinsa aka biya, masta, wato asalin ɗaukar waƙar, ba tasa ba ce. Kowa ya sa hannu, da shaidu. Ko ɗan'uwanka ne uwa ɗaya uba ɗaya a rubuta. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 ta ba waƙa kariya da zarar an rubuta ta ko an ɗauke ta, har shekara 70 bayan rasuwar mai ita, ɗaukar sauti kuma shekara 50 daga fitowarta, kuma sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce. Ana iya shigar da aikin a rajistar Hukumar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta intanet don ya zama hujja, a kuma yi rajista da MCSN mai karɓar kuɗin amfani da waƙoƙi. Wajen ɗorawa a Spotify, Audiomack da Boomplay ta hannun dillalai irin DistroKid ko TuneCore, a buɗe asusun da imel ɗin mawaƙi da lambar wayarsa, ba na mai situdiyo ko manaja ba, a kuma adana lambar ISRC da za a ba kowace waƙa, domin da ita ake ɗauke waƙar zuwa wani dillali ba tare da an rasa lissafin sauraronta ba.